Daga Alif Zuwa Kulorin: Tarihin Maganin Ruwa da Inda Yake Kwarara a Ƙasar Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Galibin takardun da akan gabatar a kan tarihin Boɗinga da ƙasar da ke kewaye da ita sukan tsaya ne a kan malamai da sarauta da yaƙe-yaƙe. Wannan kuwa ba laifi ba ne, tun da yake a Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya yi nasa zaman a Boɗinga. Shagari ita ma da an ambace ta sai hankali ya tafi ga Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Mu a wannan takarda ƙasa za mu sunkuya mu duba, watau ruwan da ake sha a garuruwan nan biyu, da magungunan da aka koyi zuba masa, da kuma inda magungunan ke tafiya bayan sun gama aikinsu.

Abin da muke son nunawa shi ne, a cikin shekara ɗari ɗin da suka shige mun koyi rabin ilmi ne kawai. Mun koyi zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba mu koyi cire shi daga ruwan da muka zubar ba. Za mu bi tarihin rabin da muka koya, sa'an nan mu kawo tarihin ɗaya rabin kamar yadda ya faru a ƙasashen da aka fara shi, domin mu ga abin da zai karɓe mu a ciki.

2.0 Ma'aunin mutanen da

Kafin zuwan Turawa, har ma da daɗewa bayan zuwansu, mutanen wannan yanki da rijiya da tafki da gulbi suka dogara. Damina gajera ce, wata huɗu ko ƙasa da haka, saura duk rani. Saboda haka neman ruwa shi ne babban aiki, gyaransa kuwa abu ne da ke biyo baya. Duk da haka ba za a ce ba su da dabarun gyara ba. Akan zuba ruwa a randa a bar shi ya kwana, laka ta kwanta. Akan tace da ƙyalle. Akan jefa ɗan alif a ruwan tafki mai jirwaye, ya tattara dattin ya kai shi ƙasa. Waɗannan duka dabaru ne na sa ruwa ya yi garau.

Ma'aunin da ake auna ruwa da shi kuwa ba daga likitoci ya zo ba, daga malamai ya zo. Duk ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa a mazhabar Malikiyya ana duba abu uku ne ga ruwa: launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. In wani abin da ba ya cikin asalinsa ya sauya ɗayansu, hukuncin ruwan ya sauya. Wannan ma'auni na tsarkin ibada ne, malaman ba su ce na lafiyar ciki ba ne, amma jama'a suka ɗauke shi ya zame musu ma'aunin kome. A garin da ya zama mazaunin malamai kamar Boɗinga ba abin mamaki ba ne in ya kafu sosai. Kuma lalle ya yi amfani, domin a zamanin da ƙazantar ruwa ba ta wuce mushe da kashin dabbobi da ruwan marina ba, ido da hanci sun isa su kama mafi yawanta.

Inda ma'aunin ya gaza shi ne wajen abin da ba a gani. Ruwan da ke ɗauke da kurkunu yana iya zama garau. Haka mai ɗauke da taifot. Muna roƙon a riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta: ragowar magungunan zamani ma ba su da launi, kuma a ɗan adadin da suke yin ɓarna ba su da wari.

3.0 Yadda kulorin ya iso

Wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwidin, Carl Scheele, shi ya fara fitar da iskar kulorin a 1774, Humphry Davy na Ingila kuma ya tabbatar a 1810 cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna. Watau a daidai lokacin da Shehu ke sauka Sifawa ne ake yi wa kulorin suna a Landan. Da farko faranta tufafi ake yi da shi. A 1847 Likita Semmelweis ya tilasta wa likitoci da ɗalibai a asibitin haihuwa na birnin Biyana su riƙa wanke hannu da ruwan hodarsa, sai mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai. A 1854 John Snow ya nuna cewa rijiyar famfo guda ce ke yaɗa kwalara a wata unguwa ta Landan. A Amurka kuwa sai a 1908, a Jersey City, aka fara zuba kulorin a ruwan birni kullum ba fashi, bayan gwajin da aka yi a Maidstone a 1897 da Lincoln a 1905 sa'ad da taifot ya ɓarke a waɗannan garuruwa na Ingila.

A Nijeriya ruwan famfo na birane ne da unguwannin Turawa. An buɗe gidan ruwa na Iju a Ikko a 1915, na Kano kuma a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ƙauyukan lardin Sakkwato abin da suka samu shi ne rijiyoyin siminti, waɗanda aka shiga haƙawa wajen shekarun 1930, da kuma duba-gari. Rijiyar siminti ta hana rubzawa, ta rage faɗawar datti, amma guga da igiya suna nan yadda suke, kowa da nasa, a ja a yar a ƙasa a sake jefawa. Daga baya masana ƙasa na Amurka, Anderson da Ogilbee, suka buga rahotonsu a 1973 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Sakkwato, inda suka bayyana yawan ruwan da ke kwance cikin yashin da ake kira shimfiɗar Gwandu. Aka kafa Hukumar Kogunan Sakkwato da Rima, aka gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya, daga bisani Shagari ma ta sami tata madatsar. Shekaru goma na ruwan sha da tsafta da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, 1981 zuwa 1990, sun fara ne ɗan Shagari na kan mulki. Rijiyoyin burtsatse suka yawaita, musamman bayan kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986. Duk wannan tarihin samar da ruwa ne. Ba shi ya kai kulorin ƙauye ba.

Annoba ce ta kai shi. Kwalara irin ta El Tor, wadda ta taso daga Indunusiya a 1961, ta sauka Gini a watan Agusta na 1970, ta bi gaɓar teku ta kuma bi kogin Kwara, kafin ƙarshen shekarar ta shigo Nijeriya. A 1971 an lissafa mutum 22,931 da suka kamu, 2,945 suka rasu. A 1991 lissafin ya kai 59,478, mamata 7,654. A 2021 ya wuce 111,000, mamata fiye da 3,600, kuma Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A kowane zuwa na amai da gudawa sai a ga ma'aikatan lafiya da bokitin hoda suna bin rijiyoyi, suna fesa gidaje da sansanin marasa lafiya. Nan mutanen karkara suka san warin kulorin. Nan kuma tsohon ma'auni ya yi karo da sabon magani, domin wanda aka koya wa tun yana yaro cewa ruwan da warinsa ya sauya abin tuhuma ne, ba zai yi saurin yarda cewa mai warin shi ne mai lafiya ba. Waɗanda suka yi aikin wayar da kai sun sha wannan tambaya, kuma a ganinmu tambaya ce mai tushe, ba jahilci ba ce kamar yadda wasu ma'aikata suka ɗauka.

Ta wata ƙofar kuma kasuwa ta shigo da nata. Dettol, wanda aka fara sayarwa a Ingila a farkon shekarun 1930, ya zama kayan wankan jego da na jariri. Jik da Hypo suka shiga wanki. Cutar Ebola ta 2014 da Korona ta 2020 suka ƙara yawan abin da ake fesawa a makarantu da masallatai da tashoshin mota. Yau da wuya a sami kanti a bakin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal wanda ba ya sayar da ɗayansu.

4.0 Abin da ke saura

Ya kamata a nan mu rarrabe abu biyu da akan haɗa. Akwai kulorin tsantsa, irin na hoda da na Hypo. Shi ba ya daɗewa. Rana tana cinye shi, datti yana cinye shi, in ma ana gaggawa akwai gishirin tayosalfet da ke kashe kaifinsa nan take. Matsalarsa ita ce 'ya'yan da yake haifa. A 1974 wani masanin gidan ruwa na Rotadam a ƙasar Holan, Johannes Rook, ya gano cewa idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da sauran dattin da ke narke cikin ruwa, yakan haifar da kulorofom da danginsa. A 1979 Amurka ta ƙayyade musu iyaka, miligiram 0.10 a lita, ta rage zuwa 0.08 a 1998, saboda zargin da ake yi musu na jawo ciwon daji ga wanda ya daɗe yana sha. Gwargwadon dattin ruwa, gwargwadon yawan waɗannan 'ya'ya. Ke nan ruwan kwata ya fi kowane ruwa haifar da su.

Na biyu su ne magungunan da aka ƙera da kulorin a jikinsu. Asalinsu wani zobe ne na ƙwayoyin kabon guda 6, wanda ake kira finol, aka liƙa masa kulorin. Kulorozailinol, wanda shi ne kashi 4.8 cikin ɗari na Dettol, yana cikinsu. Haka tiraikulosan da aka daɗe ana sa wa sabulu da man goge baki, har Amurka ta hana shi a sabulun wanka na gida a 2016. Haka fentakulorofinol da masana'antun fata da na katako na duniya suka yi amfani da shi don hana fumfuna, wanda Jamus ta haramta a 1989. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ta wajen ciniki, mu da muke alfahari da fatar jar akuyar Sakkwato. Abin lura shi ne majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, ruwansu yana da ɗoyi amma ƙasa tana iya cinye shi. Na zamani kuwa ƙasa ba ta iya cinsa da sauƙi.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa da na cikin shadda su ne ke narkar da ƙazanta, waɗannan magunguna kuwa don kashe irin ƙwayoyin nan aka yi su. Kamar a aiki kura ne ta kai wa akuya saƙo. Suna cutar da kifi da gansakuka ko da kaɗan ne, kuma masana suna tuhumar tiraikulosan da taimaka wa ƙwayoyin cuta su koyi jure magani.

To, ina suke zuwa a Boɗinga da Shagari? Babu magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke tattara ruwan gari ta kai shi matata. Ruwan wanka yana fita ta rariya ya bi lungu, ko ya faɗa sokawe, ko ya taru a kududdufin bayan gari. Da damina kududdufi ya cika ya malala fadama, inda da rani ake noman albasa da tumatir. Mun taɓa tsayawa a bayan wani ƙaramin asibiti a yankin, muka bi bututun ɗakin haihuwa da ido, ya huda katanga ya zuba a wani rami, shanu na shan ruwa a gefensa, ga kuma rijiya ba nisa. Ba wanda ya yi wannan da mugun nufi. Mai zanen ginin ya yi tunanin ruwan da zai shiga, bai yi tunanin wanda zai fita ba. Daɗin daɗawa, a sassa da yawa na ƙasar Sakkwato akwai dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina da ake siminti da shi, shi kuwa dutse ne mai tsaguwa, ruwa yana ratsa shi ba tare da ya tatu sosai ba.

Lissafi guda zai nuna inda nauyin yake. Ruwan sha ana so ya rage da kulorin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita. A sansanin kwalara kuwa ana haɗa ruwa iri uku: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na wanke daɓe da gadaje, da kashi 2 na zubawa a kan amai da bayan gida. Kashi 2 cikin ɗari miligiram 20,000 ke nan a lita, watau ninki 40,000 na abin da ke cikin ruwan sha, kuma a kan datti tsantsa ake zuba shi. Ba randar gida ce abin damuwa ba. Wurare ƙalilan ne: asibiti, sansanin annoba, mayanka, gidan kaji.

5.0 Ƙuna ba wuta

Hanyar da masana suka fi dogara da ita wajen rushe waɗannan magunguna ita ce ƙona su a cikin ruwan, amma ƙunar da ba ta da harshen wuta. Bahaushe ya san irinta ko da bai ba ta suna ba. Ita ce tsatsar da ke cin fartanya. Ita ce ke sa farin goro ya yi ja in an ɓara shi an ajiye. Marina sun fi kowa saninta, domin zanen da aka tsamo daga karofi da kore-kore yake fitowa, iskar oksijin ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonsu. Abin da kimiyya ta yi shi ne ta nemo abin da ya fi iska zafin ci.

A 1894 wani malamin Jami'ar Kambirij, H. J. H. Fenton, ya lura cewa idan aka haɗa gishirin ƙarfe da ruwan haidurojin faroksaid, wannan da ke kumfa in an zuba a miki, haɗin yana ƙona abin da ɗayansu shi kaɗai ba ya iyawa. Bai san dalili ba. Sai a 1934 aikin Fritz Haber da Joseph Weiss ya nuna cewa ƙarfen yana fasa faroksaid ne ya fitar da wani ɗan gutsure mai suna haidiroksil, wanda ba ya kai ƙiftawar ido a raye, amma kome ya tarar sai ya far masa. Ba za mu wuce ba sai mun faɗi cewa wannan Haber shi ne ya jagoranci sakin iskar kulorin a kan sojoji a Ypres ta Beljiyam a 1915. Mutumin da ya mai da kulorin makami shi ya bar bayanin yadda za a kwance shi daga jikin magani.

Idan haidiroksil ya sami zoben finol sai ya fasa shi. Kulorin ya saki ya koma irin wanda ke cikin gishirin miya, sauran kuma, in aikin ya kai ƙarshe, ya zama ruwa da iskar kabon. Iskar ozon, wadda birnin Nis na Faransa ya fara gyara ruwan sha da ita a 1906, tana yin irin wannan aiki, haka ma faroksaid in an haska masa fitila ta musamman. A 1987 William Glaze da abokan aikinsa suka tattara waɗannan hanyoyi ƙarƙashin suna guda. Ozon da fitila suna bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, don haka ba za mu ɓata lokacin taro a kansu ba.

Hanyar Fenton ce ta cancanci a dube ta, domin kayanta ba su da tsada, ba ta bukatar inji, kuma hasken rana yana ƙara mata ƙarfi ta wajen sabunta ƙarfen da ya gaji. An yi shekaru ana gwada wannan a cibiyar binciken hasken rana ta Almeriya a Sifen. Rana kuwa ba abin da za mu yi odarsa ba ne. Amma kada zumuɗi ya ɗebe mu. Haɗin ba ya aiki sosai sai ruwan ya yi tsami, wajen 3 a ma'aunin tsami na pH, ruwan da ya ratso farar ƙasa kuwa tsamin yake sha, kanwa-kanwar da ke cikinsa ma tana cinye haidiroksil kafin ya kai ga maganin. Ke nan sai an ƙara asid da farko, a kashe shi a ƙarshe, sa'an nan a san yadda za a yi da jar lakar ƙarfe da ke kwantawa. Mafi haɗari shi ne aikin da aka bari rabi. Zoben da aka fasa ba a gama ba yana iya barin abin da ya fi na farko dafi. An tabbatar cewa tiraikulosan in ya sha rana shi kaɗai a cikin ruwa, wani kasonsa yakan juye ya zama ɗaya daga cikin dangin dayoksin. Shanya ruwan asibiti a rami a ce rana za ta gyara shi ba magani ba ne.

Ta wajen doka ba a bar mu a baya ba. Bayan sharar guba da aka jibge a Koko a 1988 aka kafa hukumar FEPA, ta fitar da ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu a 1991, NESREA ta zo a 2007. Amma hankalin waɗannan dokoki yana kan manyan masana'antu irin na Sharaɗa da Challawa a Kano. Bututun ɗakin haihuwa na ƙauye ba ya cikin lissafin kowa.

Akwai gargaɗin da ya wajaba a kanmu, mu malamai da za mu koma aji da wannan magana. Har yanzu rashin kulorin ya fi yawansa kisa a wannan yanki, nesa ba kusa ba. A annobar 1991 ta ƙasar Peru, inda fiye da mutum 300,000 suka kamu a shekara guda, bincike a birnin Trujillo ya kai ga ruwan famfon da ba a sa wa kulorin ba. Duk wanda ya ji wannan takarda ya je ya hana a zuba wa rijiyar unguwarsu magani a watan Agusta, bai fahimce mu ba. Abin da muke nema shi ne a kama ruwan wuraren nan ƙalilan tun bai bar harabarsu ba: tanki biyu na siminti, ɗaya na kwantar da datti, ɗaya marar zurfi a fili na ƙunar, da ma'aikacin da aka koya wa awon tsami da takardar gwaji.

Kafin a gina ko da tanki guda kuwa sai an auna. Awon kulorin tsantsa da ƙwayar DPD, wadda ke mai da ruwa ruwan hoda, da awon tsami, da awon jimillar finol, duk ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji na kwalejin ilmi ba. Na kulorofom da tiraikulosan sai an nemi taimakon Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata cibiya mai na'urar. Ɗaliban da muke turawa koyon koyarwa Boɗinga da Shagari suna iya ɗebo ruwan bakin bututu da na rijiya mafi kusa da shi sau biyu a shekara, a watan Agusta sa'ad da ƙasa ta jiƙe sharkaf, da watan Maris sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, su rubuta tazarar da ke tsakaninsu da zurfin rijiyar a kan kowace kwalba.